Zoben da Ya Ɓata a Jar Fitila

Ranar wata Alhamis cikin damina, shekara guda bayan soja sun sake raba jihohi, zoben Alhaji Maccido ya ɓata a gidan abincin Sinawa da ke bayan Ƙofar Kware, kan sabuwar hanyar Dundaye. Kafin magariba labarin ya gama unguwa.

Wurin yana da suna da aka rubuta da rubutunsu a saman ƙofa, amma ba mai iya karanta shi, sai mutane suka sa masa Jar Fitila saboda jajayen fitilun takarda da ke rataye a baranda. Da ma ba a son wurin. Masu shiga 'yan kwangila ne da hafsoshi da Turawan da ke gina hanya. Masu magana a kansa kuwa waɗanda ba su taɓa leƙawa ba ne, kuma su suka fi kowa sanin abin da ake dafawa ciki. Wani ya ce kwaɗi, wani ya ce maciji. Saboda haka da aka ce an kama Illo, mai kai abinci tebur, mazauna dakalin masallaci ba su yi gardama ba. Suka ce wanda ya yarda ya yi aiki a irin wannan wuri ba abin da ba zai iya ba. Shekara arba'in da biyar Illo yana unguwar nan, ko kazar wani bai taɓa kallo sau biyu ba, amma ran nan ba wanda ya tuna.

Da sassafen Juma'a matarsa Balaraba ta tafi Gidan Dare wurin kawunta Na'Allah. Shi wannan mai bin sawu ne. Shekara talatin yana bin shanun Fulani da jakan 'yan kasuwa idan an sace, kuma ba ya daga cikin mutanen da ke tausasa magana.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Kawu, sun ruhe shi cikin sito tun jiya, ga soja bakin ƙohwa. Wani Manjo, baƙon Alhajin, ya ce in zoben bai hito ba kahin la'asar ta yau, bariki za a kai shi."

Na'Allah ya ce, "Ya ɗauka?"

"Haba Kawu."

"Tambaya nika yi. Na taɓa bin sawun tunkiya har zauren mai unguwa."

"Bai ɗauka ba. Ko cokali bai taɓa zo mani da shi gida ba."

Na'Allah ya san abin da bariki ke nufi a kwanakin nan. Mutum zai shiga da ƙafarsa, ya fito da aski da baya a farfashe, ya kuma amsa laifin da aka ce ya amsa. Bayan nan ko zoben ya fito daga sama, sunan ɓarawo ya zauna.

Ya ce, "Ni ƙasa nika karantawa, Balaraba. Can an ce siminti na da darduma. Mi zan gani?"

Ba ta tashi daga durƙuson ba. Ya ɗauki hularsa.

* * *

Mai gidan abincin, Mista Wong, gajere ne mai tabarau. Ya yi shekara goma sha biyu a Kano yana aiki a masana'antar kwanoni kafin ya zo Sakkwato, kuma Hausar can ya zo da ita.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Kai ne mai bin sawun da ake faɗa?"

Na'Allah ya dube shi. "Ashe Bakano na. An ce mani Basine."

"Duka biyu. Shi ya sa ba wanda ya yarda da ni a garin nan."

Ya faɗi yadda aka yi. Mutum huɗu suka ci abincin rana a ɗakin ciki. Alhaji Maccido, wanda ya fara da sayar da hatsi ya koma kwangila. Baƙonsa Manjo Ɗahiru. Hayatu, mijin 'yar Alhaji, mai rubuta masa wasiƙu. Sai wani tsoho manomi daga Dundaye, Mode, wan Alhaji uwa ɗaya uba ɗaya. Da aka gama, Illo ya kwashe kwanoni, Alhaji ya wanke hannu, ya nemi zobe ya rasa. An caje Illo, an caje kicin, an zubar da kwandon shara an tona. Hayatu ya ce ya ga Illo ya fita ta ƙofar baya ana cikin cin abinci. Daga nan Manjo ya sa aka rufe ɗakin, aka rufe Illo.

"Su huɗun an caje su?"

Mista Wong ya cire tabarau ya goge. "Malam, wa zai sa hannu a aljihun Manjo?"

Sojan da ke bakin sito ya bar Na'Allah ya yi magana ta tagar waya. Illo na zaune kan buhun shinkafa da farar rigar aiki, leɓensa a kumbure.

"Ka ga zoben?"

"Na gan shi ga hannunai sa'ad da sunka shigo, Kawu. Ban sake ganinai ba."

"An ce ka hita ta baya."

Illo ya sunkuyar da kai. "Na hita."

"Yin mi?"

Ya dubi inda Mista Wong yake tsaye, ya sake sunkuyar da kai.

Na'Allah ya zagaya baya. Jiya an yi ruwa tun asuba har hantsi, daga nan ba a ƙara ba, ƙasa ta riƙe komai. Ga sawun takalmin Illo daga ƙofar kicin zuwa katanga. A gindin katangar yatsun sun nutse, dunduniya ta ɗaga: ya yi ɗage ya miƙa wani abu waje. Na'Allah ya ji ransa ya ɓaci. Ya zagaya ta waje, ya tarar da sawun mace ba takalmi, da kashin awaki, da ganyen kabeji biyu da aka tattake. Sai ya koma ciki ya tsuguna, ya daɗe yana duban sawun. Cikinsa duk ɗigon ruwa ne, tsaf-tsaf kamar an caccaka da tsinke. Ana ruwa aka taka shi. Baƙi kuwa sai bayan azahar suka zo, rana ta fito. Wani sawun Illo kuma babu a bayan gidan, ko ɗaya.

Ya koma taga. "Ɓawon kabeji kaka ba mai awaki."

Illo ya ce, "Iyatu ta, maƙwabciyarmu. Maigida ya hana a hidda komi ta baya."

"Don ɓawon kabeji kab bari anka hwasa maka baki?"

"Aikin nika tsoro, Kawu."

* * *

Na'Allah ya ce a buɗe masa ɗakin ciki. Mista Wong ya ce sai Alhaji ya iso, ya buga masa waya yana hanya. Sa'an nan ya ce, "Kafin nan zauna ka ci abinci. Ba za ka gane wurin nan a tsaye ba."

A bakin matakala Na'Allah ya tuɓe takalmi ya ajiye kan yashi.

Mista Wong ya yi murmushi. "Kai ne na biyu tun da na buɗe. Tsohon nan na jiya ma a nan ya bar nasa. Na ce ya shiga da su, ya ce shi ba ya taka shimfiɗa da takalmi."

Ciki sanyi kamar bakin rijiya, wata na'ura na huci a bango. Darduma ja, mai laushi har ƙafa na nutsewa, ba ta riƙe sawun kowa. Tebura duk kewayayyu da farin ƙyalle, kowanne da faifan gilashi babba a tsakiya. Aka kawo masa ɗan tawul mai zafi a faranti. Ya tsaya yana kallonsa, sai ya ga Mista Wong ya goge hannu da nasa, shi ma ya goge. Aka zuba shayi a ɗan kofi kamar na wasan yara, ba sukari ba madara.

"Wa ka yi muku yanka?"

"Wani malami daga mahauta, kullum da safe. In ba ka yarda ba ga kifi. Giwan ruwa ne, daga gulbinku."

Aka jera kwanoni kan gilashin: shinkafa soyayya da ƙwai, taliya siririya, kifi da aka turara da citta da albasa, sai kaza cikin wata jar miya. Na'Allah ya ɗauki tsinkaye biyun da aka ajiye masa, irin waɗanda Sinawa ke cin abinci da su, ya juya su, ya mayar. Ya ciro sauran goron da ke bakinsa ya aza kan gilashin a gabansa, ya yi bisimilla ya sa hannu. Kazar ga zaƙi ga tsami. Ya tauna ya haɗiye.

"Sukari kunka sa ma nama?"

"Kaɗan."

"Allah shi kyauta." Amma ya ƙara ɗiba.

Mista Wong ya ce, "Taɓa kifin." Ya sa yatsa ɗaya a bakin gilashin ya tura. Faifan ya juya ba ƙara, kifin da ke can tsallake ya taho ya tsaya gaban Na'Allah. Na'Allah bai dubi kifin ba. Goronsa yake kallo, wanda ya tafi ya tsaya gaban Mista Wong.

"Na ɗakin ciki ma haka shika yi?"

"Duka haka suke. A wurinmu ba a miƙa hannu kan abincin wani. Abincin ke zuwa."

Na'Allah ya ci kifin a hankali, yana tunani. Duk wanda aka tambaya jiya, tambayarsa aka yi wa ya matso kusa da Alhaji. Ba wanda ya tambayi inda gaban Alhaji ya tafi.

* * *

Alhaji Maccido ya iso cikin farar Marsandi, Hayatu na biye da jaka. Babban mutum ne mai ƙiba, da shatin zobe fari a ɗan yatsansa na dama. Aka buɗe ɗakin. Ba a goge gilashin ba. Na'Allah ya sunkuya ya bi shi da ido ta gefen haske: shatin gindin kwanoni, ɗigon mai, sai wata 'yar da'ira ta jar miya da ta bushe, ba ta fi bakin kwalba ba.

"Nan kab aza shi, Alhaji?"

"Gabana nib aza shi. Tsinken nan ya gagare ni, nis sa hannu, miya tas shiga ƙarƙashin zoben, nit tuɓe."

"Ina kaz zauna?"

Alhaji ya nuna. Da'irar ba ta gaban kujerarsa. Tana gaban ta hagunsa.

"Nan wa?"

Hayatu ya ce, "Ni ne." Muryarsa ta yi siriri.

Na'Allah bai dube shi ba. "Ƙaƙa zoben yake?"

Alhaji ya ce, "Azurhwa ta. Kainai mai kusurwa huɗu, da zanen tauraro, kusurwa guda ta ɓalle. Ba tsadatai ba, Na'Allah, ina iya sayen ɗari yau. Na babanmu na."

"Wanka hwa, ina yaz zauna?"

"Yaya? Can tsallake, nesa da kowa. Ko hannu bai miƙa ba. Shayi kaɗai yash sha, yat tashi tun ba mu gama ba. Na ce direba shi kai shi, yaƙ ƙi. Kak ka sa Yaya cikin wagga magana."

"Mi yak kawo manomi wurin ga?"

Alhaji ya ɓata fuska. "Kamhwanin shinkahwa ka son fadamar gidanmu. Manjo na cikin masu diban aikin. Na so Yaya shi ji da kunnenai, shi ga yadda duniya tac canza. Wanga bai shahi zobe ba."

Na'Allah ya ja Hayatu baranda, ƙarƙashin fitilun.

"Ka ce ka ga Illo ya hita ta baya ana cin abinci. Ƙasa ta ce bai hita ba. Wa zan yarda da shi cikinku?"

Zufa ta keto wa Hayatu duk da iskar damina. "Baba, wallahi ban ɗauki zobe ba."

"Ban tambaye ka zobe ba."

Hayatu ya duba hagu da dama, ya buɗe jaka, ya nuna ɗan kofin shayi mai zanen shuɗin tsuntsu. "Na sa a aljihu ne in kai wa maiɗakina ta gani. Da Manjo ya ce a rufe ƙofa, sai na ga za a caje kowa. A gaban surukina, Baba. Sai bakina ya faɗi abin da ya faɗa. Yau na zo in mayar."

"Mutum ya kwana bisa buhu don kofin ga." Na'Allah ya bar shi ya haɗiye wannan, sa'an nan ya ce, "Wa ka juya gilashin jiya?"

"Ni. Ni kaɗai na saba."

"Bayan Alhaji ya sa hannu cikin abinci, ina kaj juya shi?"

Hayatu ya yi tunani. "Alhaji ya ce a kai wa Baba Mode kifi, bai ci komai ba. Kifin na gaban Alhaji, sai na juya shi ya koma gaban Baba. Ya daɗe a can, don Manjo na magana. Da Baba ya fita na jawo butar shayi wajena."

* * *

A gefen matakala, kusa da nasa takalmin, Na'Allah ya sami inda na tsohon suka kwanta jiya: takalmin taya, na hagu ya cinye ta waje, da ɗigon sanda a dama. Motoci sun murje filin gaba. Ya fita ƙofar shinge, ya bi gefen kwalta, ya sake kama sawun a jar ƙasa.

Tafiyar ba ta tsoho ba ce. Taku mai faɗi, sandar da ƙyar take taɓa ƙasa. Mutumin da bai ci abinci ba, ya ƙi mota, ga shi yana sauri kamar an biyo shi. Sau biyu sawun ya tsaya, ƙafafu a haɗe, sa'an nan ya ci gaba. Na'Allah ya bi, gero a dama da hagu ya kai ƙugu, tifofin yashi na wucewa suna watsa masa ruwan kwata. Kafin a shiga Dundaye sawun ya bar hanya, ya yi hagu ta wata 'yar turba. Na'Allah ya san inda take zuwa. Ya yi sallama ga mazauna maƙabarta, ya shiga.

Sawun ya tsaya gefen wani tsohon kabari da aka cire wa ciyawa aka gyara masa ƙaya. Tsohon ya tsuguna nan ya daɗe, don dunduniyarsa ta nutse sosai. Da zai tashi gwiwa ta ƙi, sai ya dafa ƙasa da hannun dama. Ga tafin nan a laka, yatsu biyar. A gindin ƙaramin yatsa akwai wani shati mai kusurwa huɗu, da tauraro a ciki, kusurwa ɗaya babu. Ashe tsohon ya sa zoben a yatsa, ya juya kan cikin tafi don kada masu wucewa su gani.

Na'Allah ya zauna kan ƙafafunsa yana kallo. Ya sha kama ɓarayi, kuma yawanci daɗi yake ji idan sawu ya ƙare. Yau bai ji ba. Ya yi wa mai kabarin addu'a. Sa'an nan ya ciro wuƙa ya yanko lakar, wadda ke kan turba ba kan kabarin ba, ya naɗe a ganyen tumfafiya.

Ya sami Mode a fadama, cikin ruwa har ƙwauri, yana cire ciyawa a shinkafa. Dogo ne busasshe, ba abin da ya haɗa shi da ƙanensa sai hanci. Hannunsa ba zobe.

Suka gaisa, aka tambayi damina, aka tambayi iyali.

Na'Allah ya ce, "Baba, zoben Alhaji ya ɓace jiya wurin cin abinci."

"Direbanai ya biyo da sahe, ya hwaɗa mani."

"Ya hwaɗa maka an ruhe mutum?"

"Ya ce suna tambayar wani ma'aikaci. Ai su gaji su sake shi."

"Ba su sakinai. Da la'asar soja za su tahi da shi bariki. Illo sunanai, ɗiyanai biyar. Sun riga sun hwasa mai baki."

Mode ya ci gaba da cire ciyawa. Ya cire guda, ya cire guda, har ya tumɓuke shinkafa bai lura ba.

Na'Allah ya ce, "Bayan Juma'a duk wanda yac ci abincin nan za shi koma wurin. Ni dai na hwaɗa maka."

"Ni ban ci ba."

"Awo. An ce mani."

Ya juya ya hau hanya, ya tsai da tifar yashi ta mai da shi gari. Bai san ko tsohon zai zo ba. Ya san dai in bai zo ba, dole ya faɗi sunansa a gaban soja, kuma bai san abin da soja zai yi da dattijo ba.

* * *

Bayan an sauko Juma'a suka taru a ɗakin ciki, kowa a kujerarsa ta jiya. Manjo Ɗahiru ya zo da kaki, ya ajiye hula kan tebur, yana duban agogo. Mista Wong na tsaye bakin ƙofa. Kujerar tsallake ba kowa.

Manjo ya ce, "Malam, an ce kai gwani ne. Saura minti arba'in. Ko ka ba ni zobe, ko ka ba ni hanya."

Na'Allah ya ce, "Ranka shi daɗe, zan ba ka abin da nis samu." Ya faɗi maganar sawun bayan gida da ɗigon ruwa. Ya dubi Hayatu, Hayatu ya ce da bakinsa bai ga Illo ya fita ba. Maganar kofi Na'Allah bai taɓa ta ba. Ya nuna da'irar miya, ya ce zoben ba gaban Alhaji ya zauna ba, gilashi ya tafi da shi tare da kifi.

Manjo ya ce, "Wannan duk labari ne. Mai kwashe kwanoni yana iya ɗauka a ko'ina gilashin ya tsaya."

"Gaskiya na."

Na'Allah ya kwance ganyen, ya aza lakar kan farin ƙyalle gaban Alhaji. Alhaji ya sunkuya. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Zobena na. Ina kas samo wanga?"

"Wurin da Illo bai san hanyatai ba, kuma shina ruhe sa'ad da anka yi shi."

"Ina?"

Na'Allah ya dubi ƙofa. Ya buɗe baki ke nan sai aka ji sanda a baranda, aka ji ana tuɓe takalmi. Mode ya shigo da rigar Juma'a, shuɗiya da ta koɗe. Bai zauna ba. Ya ɗaga hannun dama, zoben na ƙaramin yatsa, kan a waje.

Ya ce, "Gehen kabarin Baba yas samo shi. Ni niɗ ɗauka. Ku buɗe ma bawan Allah."

Ba wanda ya motsa. Alhaji ya ce, "Yaya."

Mode ya ce, "Ina cin rani Baba yar rasu. Kai kay yi mai wanka, kat tuɓe shi, kas sa ga hannunka. Na dawo nig gani, ban ce komi ba. Shekara ashirin da biyu. Jiya ka kawo ni cikin sanyi, ka aza mani tsinke gaba, kana hwaɗa ma baƙo yadda za a yi da fadamar Baba kamar na mutu. Ina zaune, ban miƙa hannu ba, ban roƙa ba, sai ga shi ya taho ya tsaya gabana." Ya sauke hannun. "Na ce Allah na yam maido. Har yau da sahe haka nika cewa."

Manjo ya ɗauki hularsa. Mutumin da zai kai ma'aikaci bariki ba shi da niyyar kai wan mai masaukinsa. Ya ce, "Wannan maganar gida ce, Alhaji." A bakin ƙofa ya ce wa sojan ya buɗe sito, ya shiga mota ya tafi.

Alhaji ya share fuska da hannun riga. Ya ce, "Riƙe shi, Yaya. Mista Wong, Na'Allah, ku ji. A ce an tsince shi ƙarƙashin darduma. Illo kuma ni san abin da zan yi mai, ba shi yin kuka."

Na'Allah ya ce, "In anka ce haka, gobe unguwa ta ce Illo ya ji tsoron bariki ya jeho shi ƙarƙashin darduma. Sai shi mutu da sunan."

"To so kaka yi a ce wana ɓarawo na? Dattijo mai jikoki?"

"Ni ba ni son komi, Alhaji. An ce in bi sawu, na bi. In an tambaye ni inda yaƙ ƙare, ba ni cewa darduma."

Mode ya ce, "Bar shi, Maccido. Zobe ba ni maido shi, fadama ba ni saida ta. Waɗanga biyu ban yi laihi ba. Laihina mutumin ga da yak kwana ruhe, kuma da sahe na ji nic ci gaba da noma." Ya juya wurin Na'Allah. "Wace unguwa tai?"

* * *

Ana kiran la'asar suka isa Ƙofar Kware a ƙasa, Illo a gaba da farar rigarsa da ta yi datti, Mode a baya, Na'Allah a gefe. Alhaji ya ce a shiga mota, ba wanda ya shiga. Mazauna dakalin masallaci suna alwala suka ɗago kai.

Mode ya jira aka yi salla aka sallame. Kafin mutane su watse ya miƙe, ya dogara sanda, ya faɗi sunansa da sunan ubansa da garinsu. Ya ɗaga hannu suka ga zoben. Ya ce, "Ni niɗ ɗauke shi bisa tebur jiya. Wanga mutum bai taɓa shi ba, bai gan shi ba. Duk wanda yac ce mai ɓarawo, ga ɓarawon nan tsaye, shi zo shi hwaɗa mani."

Ba wanda ya zo. Wani daga cikin masu maganar kwaɗi ya ce da ma shi ya san Illo ba zai yi ba. Na'Allah ya dube shi har ya sunkuya yana neman takalminsa.

A ƙofar gida Balaraba ta leƙo daga zaure, ta ga mijinta, ta ga leɓen, ta koma ciki. Aka ji ƙarar murfin tukunya.

Mode ya ce, "Malam Illo, ka yahe mani."

Illo ya tsaya da hannu ɗaya a ƙyaure. Ya dubi tsohon tun daga hula har takalmin taya.

"Baba, bari in ci abinci tukuna. Tun jiya da nib ba ku naku ban sa komi bakina ba."

Ya shiga. Mode ya jingina sandarsa da bango, ya tattara rigarsa, ya zauna kan dakali yana jira.